Ubangijin Alheri

Abin nan ya faru ne bayan ciwon da ya cinye shanu, amma ba nan da nan ba, don Fulanin da suka tsiyace suka shigo gari neman aikin gona har sun fara sayen 'yan maruƙa. Yaƙin da Damagaram ta kai ƙasar Kano ma an gama shi, mazan da za su dawo sun dawo. Nasara ba su zauna a Damagaram ba tukuna, sai dai sunansu ya riga su isowa. Ni a lokacin ban yi aure ba, amma an fara yi mini kitson 'yan mata, an hana ni fita ba zane a ƙirji. Kada kowa ya tambaye ni shekara. Jikan nan nawa da ya yi lakwal, makarantar boko ke nan, wanda ke rubuta maganata, ya tambaya, na ce masa ya rubuta abin da aka faɗa masa. Mu da damina muke lissafi, kuma ban taɓa ɓata lissafina ba.

Gidanmu ba ƙaramin gida ba ne a Matameye, in faɗa muku tun yanzu. Baba yana da marina, kuma ba shi ke tsoma hannu ba, wasu ke yi masa. Da gari ya waye sai ka ji mabuga sun fara dukan turkuɗi a kan gungume, mata su amsa musu da taɓarya daga cikin gida, mai niƙa ta sa waƙa a ƙarƙashi, jaki ya yi nasa. Kowane sauti ka san na wane ne. Kakata, uwar Baba, tana kwance a ɗaki za ta gaya maka wace ce ke daka, ta kuma gaya maka ko da fushi take yi. Yau fa? Injin niƙa ya kama gunji tun safe, kamyo, manyan motocin gyaɗa, suna ta wucewa, radiyo na magana ba wanda ya tambaye shi. Yaran yanzu ba su taɓa jin gari ya yi shiru ba. Ni na ji, kuma ban fatan in sake ji.

A cikin bayin gidanmu akwai wata mace da fatake suka zo da ita daga kudu. Kaka ta sa mata suna Alheri. Gajera ce, baƙa ƙirin, da tsagen da ba irin namu ba, Hausarta kuwa a karkace take har ta bar mu. Ita ke niƙa, ita ke ɗebo ruwa, ita ke kwashe kashin jaki. Ta taɓa gaya wa Kaka cewa tana ƙarama an kama ta, wasu mutane a wani gari inda manyan koguna biyu suke haɗuwa suka fanshe ta, suka zuba mata ruwa a ka suka kira ta Maryamu, kuma a can ta ga Turawa da idonta. Bayan ta girma aka sake kama ta a hanyar gona. Kaka ta ce, "Ke dai kamuwa ta san hanyar gidanku." Aka yi dariya, aka manta. Ba ta salla, amma bayi da yawa daga kudu ba su yi, ba wanda ya damu.

Abin da take yi shi ne, in an kira la'asar, gida ya ɗan lafa, sai ta zagaya bayan rumbu ta durƙusa. Ni kuwa yarinya ce mai son sanin komai, kuma ina ganin duk abin da ke cikin gidan ubana nawa ne, har da bayan rumbu. Wata rana na laɓe. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, kamar alƙali ya sa mai laifi a gaba.

"Maryamu, yau me kika yi? A'a, kada ki ce mini niƙa. Niƙa kowa ya gani. Me kika yi a ciki?"

Na fito na ce, "Da wa kike faɗa?"

Ba ta firgita ba. Ta ce, "Uwar ɗakina, da baiwar gidanku nake."

"Ke ce ai baiwar gidanmu."

"To, ita. Yau ba ta kyauta ba. Da Kaka ta zage ta a kan gari bai yi laushi ba, gwiwarta ta durƙusa, zuciyarta kuwa tana tsaye, har da riƙe ƙugu."

Na yi dariya na ce, "Wa ya gani?"

Ta ce, "Wanda ya yi zuciyar."

Daga nan na saba zuwa in saurara, don abin yana ba ni dariya. Mace ba ta da komai, ko zanen jikinta na gidanmu ne, amma kullum sai ta samo wa kanta laifin girman kai. Ni da nake da abin yi wa girman kai ban taɓa ganin laifinsa ba. In ta gama tuhumar kanta sai ta roƙi gafara, ta yi wa mutanen gidan addu'a ɗaya bayan ɗaya, har da Kaka, sannan ta rufe da cewa, "Ka zo, Ubangiji. Ka zo da sauri." Na ji wannan sau da yawa ban kawo komai a raina ba.

A daminar da nake ba ku labari, gero ya kai gwiwa, sai mutane suka fara shigowa daga yamma. Ba fatake ba ne. Mata da goyo ba kaya, tsofaffi da ƙafafu a farfashe, wasu ba su iya magana. Suka ce Nasara na tafe da sojoji baƙaƙe, suna ƙone gari bayan gari, suna cika rijiyoyi da gawa, kuma ko ka ba su hatsi ko ka hana duk ɗaya ne. Suka ce bindigarsu ba ta jiran a ɗura mata. Suka ce kafin su faɗa wa gari sai sun aiko nasu a ɓoye, ya zauna cikin mutane, ya san inda rumbuna suke da inda rijiya take. Mai gari ya hana bugun turkuɗi. Aka hana daka, wai kada sautin turmi ya kira su. Sai a jiƙa gero a niƙa a hankali, ba waƙa. Aka ɗaure wa jakuna baki. Maza suna haƙa rami a cikin ɗaki suna binne hatsi. In yaro ya yi kuka sai ka ga manya sun dubi yamma. Na tuna har hadari in ya taso daga nesa sai an tsaya an tabbata ba hayaƙi ba ne. Kaka, wadda ba ta taɓa rage murya don kowa ba, ta koma raɗa.

Ina da ƙawa, Kande, 'yar maƙwabtanmu. Wata la'asar ta shigo nemana, ta bi ta bayan rumbu, ta iske Alheri a durƙushe tana cewa, "Ka zo, Ubangiji, ka zo da sauri." Kande ta ce mata, "Wa kike kira? Ai Baba yana zaure." Alheri ta ce, "Ba shi ba. Ubangijina na farko. Ya yi alkawari zai dawo ya ɗauki nasa." Kande, ba da mugunta ba, ta je ta faɗa wa uwarta.

Ku yaran yanzu in kun ji Ubangiji, Allah kaɗai ke zuwa muku a rai, don ba ku tarar da bauta ba. Mu a lokacinmu kowane bawa yana da ubangiji mai ƙafa biyu, wanda ya saye shi. In baiwa ta ce ubangijinta na farko yana tafe zai ɗauki nasa, kuma baiwar nan ita ce ta taɓa cewa ta zauna da Turawa, kuma ga Turawa a hanya, me kuke so mutane su ji? Kafin rana ta faɗi gari duka ya san cewa a gidanmu aka ajiye ta Nasara. Dogaran Mai gari suka zo suka sa mata mari a ƙafa a tsakar gidanmu, suka ce da hantsi za a kai ta. Ba wanda ya ɓoye abin da za a yi mata in ya tabbata.

Baba ya shigo ya tsaya a kanta. Ban taɓa ganin ya yi wa bawa magana a tsakar gida ba sai ranar.

Ya ce, "Alheri, gobe za a tambaye ki wane ne ubangijinki. Ki faɗi sunana ki yi shiru. Ko ƙarya ne? Ba ni na saye ki ba?"

"Kai ne, Baba."

"To, shi ke nan."

"In sun ce wa nake kira a bayan rumbu fa?"

"Ki ce ni."

"Baba, kana zaure, me zai kai ni bayan rumbu in kira ka?"

Kaka daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Ka gani ko? Ka sayi baiwa, an ba ka taurin kai gyara."

Baba ya ce, "Ba wasa nake ba. Mutanen nan tsoro ya ci su. Yanka ki za su yi." Ya juya ya fita.

Bayan magariba na kai mata ruwa. Ta kurɓa kaɗan ta ajiye ƙoƙon. Na zauna kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba, don ni ba na zama ƙasa ɗaya da bayi.

Ta ce, "Uwar ɗakina, na leƙa ciki na ga abin da ban so ba."

Na ce, "Tsoro?"

"Tsoro ba komai, Ubangijina ya san ni da tsoro. A ƙarƙashin tsoron ne. Akwai wani abu can yana murna. Yana cewa, gobe duk garin nan za su ga mai kwashe kashin jaki ta fi su ƙarfin zuciya. In da wannan zan buɗe baki, ba shi na kira ba, kaina na kira. Na mutu a banza ke nan."

"To ki faɗi sunan Baba mana, ki huta."

"In na faɗa na rayu, jibi wa zan kira a bayan rumbu? Da wace fuska?"

Na ce mata ni ban ga abin wahala ba, magana ce ta baki kawai. Ta ce ai baki ba ya tafiya shi kaɗai. Sai ta rufe ido ta koma yi wa kanta tambayoyin nan nata, ta manta da ni. Na ji tana cewa, "Ka cire mini shi. Ko ba ka cire tsoron ba, ka cire mini wannan." Ita wuƙa ke jiranta, amma abin da ta fi tsoro shi ne ta je gaban Allah da rabin zuciya. A ranar na fara jin wani irin tsoro da ba na Nasara ba, ban kuwa san sunansa ba.

Da hantsi aka kai ta ƙofar Mai gari. Mutane cike, amma ba hayaniya, sai ƙarar marin ƙafarta. Mu 'yan mata muka tsaya ta bayan danga. Tun daga nesa ta zube, ta ja gwiwa, ta ɗebi ƙasa ta zuba a kanta. Ni har na ji kunya, don na ɗauka za ta tsaya ta dube su ido da ido, yadda ni zan yi.

Mai gari ya ce, "Wane ne ubangijinki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya saye ni ga shi nan zaune. Ban taɓa gudun aikinsa ba."

"Wanda kike kira ya zo fa?"

"Isa Almasihu ne, ranka ya daɗe."

"Bature ne?"

"A'a."

"Yana cikin masu tahowa?"

"Ban san masu tahowa ba. Ina tsoronsu kamar kowa."

"Ke ta Nasara ce?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, da wata 'yar murya da kyar ake ji, "In masu ƙone gari ake nufi, ban san su ba. In masu bin Almasihu ake nufi, ina ciki. Ni ce ta baya."

Wurin ya motsa. Liman, Allah ya jiƙansa, dattijo ne mai gaskiya, ya ɗaga hannu. Ya ce a littafi Nasara mutanen Annabi Isa ne, tun kafin kowa a nan ya ga jar fata. Ya ce a wurinsa matar nan ta kauce hanya, kuma zai so ya zauna da ita ya karantar da ita, amma ubangijin da take kira ba a kan doki zai zo ba, kuma jininta bai halatta ba. Sai wani mutum cikin waɗanda suka gudo, wanda aka ce shi kaɗai ya fita daga gidansu, ya tashi ya ce, "Gafarta Malam, waɗanda suka ƙone mu ma Nasara aka ce sunansu. Ita da bakinta ta ce tana ciki. Mu jira sai sun zo mu tambaye su wane iri ne?" Mutane suka gyaɗa kai. Ni ma har yau ba na ganin laifin mutumin nan.

Mai gari ya dubi Baba, ya dubi jama'a, ya ce, "Ke, ki ce ba ki da wani ubangiji sai wannan da ya saye ki, ki koma kan dutsen niƙanki."

Ta sake zuba ƙasa a ka. Ta ce, "Ranka ya daɗe, hannuna nasa ne, bayana nasa ne, duk aikin da ya sa ni zan yi har in mutu. Abin da ya rage ba nawa ba ne, balle in bayar. Ka yi mini gafara."

Mai gari ya gyara zama. Sannan ya ce ba za a zubar da jini a garinsa ba bayan Liman ya hana, amma ba za ta ƙara kwana a ciki ba. A cire mata mari a fitar da ita ta yamma. Ya ce, "In naki ne, za su karɓe ki." Kowa a wurin ya san me ke yamma.

Aka bar ta ta biyo ta gida. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ta ce, "Kaka, ki yafe mini. Na daɗe ina raina ki a cikin zuciyata." Kaka ta ce, "Tashi ki ba ni wuri," ta juya fuska ga bango, kuma ba ta ci abinci ba ranar. Baba bai fito ba, amma ya miƙo mini gora cike da ruwa ta ƙofar zaure. Na bi su har ƙarshen gari, inda gonaki suka fara. Dogarai suka tsaya. Rana na tsaka.

Na ba ta gorar na ce, "Abin nan mai murna, yana nan?"

Ta tsaya kamar mai saurarar wani abu a cikin ƙirjinta. Ta ce, "Ya tafi. Tsoro kaɗai ya rage." Sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "Na gode wa Allah. Koma gida, uwar ɗakina, rana za ta ɓata miki fuska."

Ba zan ce muku ta tafi kamar jaruma ba, don ni ba na ƙara wa labari gishiri. Ta yi ta waiwaye. Sau ɗaya ma ta tsaya cak, na ce a raina za ta dawo ta faɗi sunan Baba, kuma wallahi da ta dawo da an karɓe ta. Sai na ga ta gyara gorar ta ci gaba, tana ƙanƙancewa a tsakanin gero, har na daina rarrabe ta da kututture.

Sojojin ba su shigo Matameye a tafiyar nan ba, ta arewa suka bi suka nufi Damagaram. Da aka sami natsuwa Baba ya aiki mutane har ƙauyukan yamma, ba wanda ya ga gajeriyar mace mai baƙon tsage, a raye ko a mace. Mabuga suka koma bugu, turmi ya koma magana, aka sa wata a kan dutsen niƙa.

Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na binne miji, furfura ta fito mini, sannan wata ranar kasuwa na ji wani mai wa'azi, Bahaushe kamarmu, yana karanta wa mutane littafi, ya rufe da kalmomin nan na bayan rumbu. Na ajiye ƙwaryata na zauna. Abin da ya biyo baya dangina sun sani, wasunsu har yau ba su cin abincina, ni kuwa ban roƙe su ba. A majami'armu yara suna waƙa da ƙarfi suna tafi, suna cewa sun ba Yesu zuciyarsu duka. Ina jinsu. Ba wanda ya taɓa nuna musu yamma ya ce su tafi. Ni ma ba a taɓa nuna mini ba, kuma abin da ke hana ni sakewa ke nan yanzu da tafiyar ta matso. In na zauna da la'asar na tambayi kaina, nakan tarar da mai riƙe ƙugun nan tana nan daram, har a cikin ba da labarin nan tana so a ce tsohuwa ta iya magana.

Cikin waɗanda suka ga abin da ya faru ranar, Liman ya riga kowa, Baba ya bi shi, Kaka ma ba ta ga damina da yawa ba bayan haka. Mu biyu muka rage, ni da Kande. Tana Dawce wurin ɗanta, idonta ya tafi, amma kunnenta na nan. Bara da aka kai ni gaishe ta, muka gama tsokanar juna a kan wa ta fi tsufa, sai ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Ke da kika shiga cikinsu, gaya mini gaskiya. Ubangijin nan nata, ya zo ya ɗauke ta kuwa?"

Na ce mata, "Kande, saura kaɗan mu je mu gani."

Ba ta sake hannuna ba sai da aka zo tafiya da ni.